Sefa Mai Ƙanshin Daddawa

A Garwa na fara yarda cewa lallai na bar ƙasarmu. Na yi wa mai sayar da ruwa sallama da Hausa, ya amsa mini da Fillanci, na tambayi hanyar tasha aka nuna mini da Faransanci. Maimakon in ji tsoro, wallahi dariya ce ta kama ni. Na tsaya a kan doguwar gadar nan ta kogin Binuwai, jakata a kafaɗa, buhun yajina a ka, ina kallon ruwa iya ganin ido, ina ce wa kaina, "Sale ɗan mahautan Babura, yau ga ka a ƙasar wasu!"

Tsire ne sana'ar gidanmu tun kakanni. Abin da ya fitar da ni kuwa, gyaɗa ce ta ƙi damina biyu a jere. Manomin da bai sayar da gyaɗa ba ina zai ga kuɗin tsire? Sai mu gasa nama mu zauna muna korar ƙuda. A lokacin kuma ana ta labarin kuɗin man fetur a birane, samari na ta kwarara Legas. Ana haka sai wani ɗan garinmu, Garba Dogo, ya dawo daga Gabon da agogon hannu da rediyo mai cin kaset. Shi ya hure mini kunne. Ya ce can ma mai aka haƙo, mutane na cin nama kamar ba gobe, amma ba wanda ya iya yaji. Ya kwatanta mini hanya tsaf: in sauka Duwala, a bakin tekun Kamaru, in nemi gidan Malam Buba a unguwar Hausawa, daga nan jirgin ruwa ne zai kai ni. Ya kuma ja mini kunne cewa jirgin ba kullum yake tashi ba, wanda ya rasa shi sai ya yi zaman jiran wani da aljihunsa.

Kuɗin tafiyar Inna ce ta haɗa. Ta sayar da awakinta duka, har da wata baƙa da take ji da ita. Ƙaninta kuma, Kawu Ilu, ɗan canji ne a kasuwar Babura, naira da sefa a hannunsa suke kwana, domin mutanen Magarya da na Damagaram kullum suna tabarmarsa. Shi ya zaunar da ni ya ce:

"Kai Sale, kada ka kuskura ka kai naira hannun 'yan canjin wata ƙasa. Sana'ata ce, na san yadda muke yi wa baƙo aski. Kawo in mayar maka da ita sefa a nan, ko kwabo ba zan cire ba. Kamaru sefa suke ci, Gabon sefa suke ci. Ka wuce 'yan canji kana fito."

Ya lissafa mini kuɗin jirgin ruwa, da na takardar shiga Gabon, da ɗan abin da zan sayi naman farko, ya miƙo mini sefa sababbi fil. Ya bar mini 'yar naira kaɗan ta mota. Inna ta karɓi sefar ta naɗe a tsumma tare da 'yan curin daddawa. Ta ce ɓarawo ba ya buɗe ƙunshin daddawa. Haka na ɗaura abina a ƙugu cikin lalita, ina tafe ina tashin ƙanshin miya, fasinjoji na ta waiwaye suna neman inda abin yake fitowa.

Har Garwa nairata nake ci, kuma a lokacin naira sarauniya ce, da ka fito da ita sai a washe maka baki. Ita ta biya mini babbar mota zuwa Gaundare, inda jirgin ƙasa yake farawa. Hanyar nan ta hau dutse, kai! Mu da muke alfahari da duwatsun Kazaure, ashe tudun tsayawar akuya ne. Motar na nishi, yaron mota na bin ta da ƙaton katako yana tokare taya, mu kuma muna sama kan buhunan albasa muna salati. Da muka kai ƙololuwa sai ga sanyi, ga ciyawa shar, ga shanu manya-manya masu ƙiba. Ina ganinsu ina lissafin tsinke nawa kowace cinya za ta ba ni.

Nairar ta ƙare daidai ƙofar Gaundare, ban kuwa damu ba ko kaɗan. Na shiga tashar jirgi sabuwa dal, na bi layi, na zo taga. Na juya baya na kwance lalita, na zaro takarda guda ta jikka, wato sefa dubu, na shimfiɗa wa mai sayar da tikiti ina murmushi irin na wanda ya san kan duniya.

Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ɗan yamutse hanci saboda daddawar, ya turo mini abata.

Na sake tura masa. Na ce, "Sefa! Sefa ce!"

Ya sake turowa, ya yi wa na bayana alama ya matso.

Nan fa na tayar da jijiyar wuya. Ni da ba na barin ta kwana, na shiga surfa masa bala'i da Hausa, shi yana mayar mini da Faransanci. Sai wani dattijo mai rawani da ke bayana ya dafa ni, ya ce da Hausa, "Samari, daga ina?"

Na ce, "Daga Babura, Baba. Ku dubi mutumin nan, kuɗin ƙasarsu yake ƙi!"

Ya zaro tasa takardar ya jera da tawa. Launi daban, hoto daban, rubutu daban. Ya ce, "Taka sefar yamma ce, ta su Nijar da Dahomi. Tamu ta tsakiya ce, ta Kamaru da Cadi da Gabon. Darajarsu ɗaya, jikka jikka ce, amma taka ba ta ciyuwa a nan. Ba wanda ya gaya maka?"

Wa zai gaya mini? Mu a Babura sefa ɗaya muka sani tun muna yara. Kawu Ilu ya tsufa a kanta, amma bai taɓa wuce Damagaram ba.

Dattijon ya nuna mini banki. Na je, aka samo wani masinja mai jin Hausa. Ya ce za su karɓa, amma sai na kawo takardu, sai an cire la'ada, sai kuma na jira, don wai kuɗin sai sun bi ta ƙasar Faranshi kafin a san lissafinsu. Na ce, "Ni ban je Faransa ba, kuɗina ne za su riga ni?" Ya yi dariya, ni kuwa ba dariya nake ba. Na fito na zaga bayan kasuwa wurin 'yan canji. Wani mai haƙorin Makka ya karɓe ni da fara'a, har da shimfiɗa mini buzu. Da ya faɗi abin da zai cire, sai na gane askin da Kawu yake faɗa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu! Wato akuyar Inna guda sukutum, wataƙila ma baƙar, za ta tafi a kan cewa hoton takarda ya bambanta.

Na ce, "Haba Alhaji, ba ka ce darajarsu ɗaya ba?"

Ya ce, "Ɗaya ce. To je ka sayi burodi da ita mana."

Na naɗe kuɗina na tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har idona ya kawo ruwa. Ga ni da dukiya a ƙugu, ga yunwa, ko ƙosai ban isa in saya ba.

Abin da ya cece ni sana'ar ubana ce. Na bi hancina har mahauta, na tsuguna gaban babbansu, wani jibgegen Bahaushe haifaffen can, na ce ni ɗan fawa ne daga Babura, hanya ta tsaya mini. Bai tambaye ni komai ba sai ya miƙo mini wuƙa da cinyar sa. Da ya ga yadda na fere naman fale-fale, ya ce a ba ni tukuba a bakin tasha, in sayar in biya kuɗin nama da yamma. Na kwance buhun yajina, wanda Inna ta daka da ƙuli-ƙuli da citta da masoro, na barbaɗa, na jera tsinke. Jama'a, hayaƙin nan na tashi sai ga mutane kamar an yi shela! Leburori, direbobi, jandarmomi, har da mai tikitin nan da muka yi cacar baki. Ya ci ɗaya, ya lumshe ido, ya ɗaga mini yatsu uku. Na ce a raina, ashe Garba Dogo bai yi ƙarya ba, idan Kamaru haka, ina ga Gabon! Cikin 'yan kwanaki na haɗa kuɗin jirgin ƙasa da na guzuri. Babban mahautan ya so in zauna, na ce ina, jirgin ruwa na jira na.

Tafiyar jirgin ƙasan nan ba zan manta da ita ba. Muka bar ƙasar ciyawa muka faɗa daji, dajin da ban taɓa zaton Allah ya halicci irinsa ba. Itatuwa sun yi tsawon da sai ka kwantar da kai kafin ka ga ƙarshensu, rana ma da kyar take leƙowa. Na maƙale a taga kamar ƙaramin yaro, duk abin da na gani sai na yi ihu. Kusa da ni wata mata ce mai jiki, da sarƙar gicciye a wuya da kwandon kaji a ƙafa. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma muka yi ta hira da hannu. Da ta ga guzurina ya ƙare, ta zaro wani dogon abu naɗe da ganye an ɗaɗɗaure shi da zare, ta miƙo mini. Na yi bisimilla na gartsa masa cizo da ganyen da zaren da komai. Taragon nan gaba ɗaya ya kwashe da dariya, ita har da riƙe ciki. Ta karɓa ta warware mini, ashe rogo ne aka dafa ya yi danƙo. Ta haɗa mini da soyayyar gyaɗa. Yana da ɗan tsami, amma ranar ya fi mini tuwon sallah. A Yawunde ita ta ja hannuna ta kai ni inda ake hawa na Duwala, ta ɗaga mini hannu ta tafi. Ko sunanta ban sani ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Duwala kuma ruwa ne. Ruwa daga sama, ruwa a ƙasa, gumi a jiki. Mu da muke fita roƙon ruwa, na ga garin da ake roƙon ya tsaya. Na isa gidan Malam Buba jiƙe sharkaf. Dattijo ne siriri, Bakatsine, mai saukar da baƙi. Ya ba ni tabarma a zaure cikin sauran matafiya, washegari kuma ya kai ni bakin ruwa. Da na ga jiragen nan, kowanne ya fi unguwarmu girma, sai na cire hula na riƙe a hannu. Ya nuna mini wani baƙi mai tsatsa a gefe, ya ce, "Ga naku can. Ranar Asabar zai tashi. Ina kuɗinka?"

Na ba shi labari. Ya girgiza kai ya ce, "Ku mutanen bakin iyakar Nijar kullum sai kun yi wannan. Zo mu je wurin Na-Allah."

Na-Allah shi ne ɗan canjin unguwar, rumfarsa na jikin masallacin Juma'a. Wani gajere ne mai sanyin murya, tasbaha ba ta barin hannunsa. Na zaci ganin Malam Buba zai sa ya sassauta. Ina! Abin da ya yanka ya fi na Gaundare. Ya ce nan nesa ne da ƙasar sefar yamma, kafin ya sami mai so sai ta yi wata a akwati.

Muka zauna da Malam Buba muka buga lissafi gaba da baya. Idan na yarda da askin Na-Allah, abin da zai rage ba zai biya jirgi da takardar shiga ba, balle naman farko. Idan na tsaya yin tsire in cike giɓin, jirgi ya tafi, kuma zaman jiran wani zai cinye abin da nake tarawa, ga yajina ya yi rabi. Na koma wurin Na-Allah har sau biyu, na roƙe shi, na haɗa shi da Allah da Annabi. Ya ja tasbaharsa ya ce, "Ɗan'uwa, kasuwa ce."

Ranar Alhamis da hantsi, ana zabga ruwa, kowa ya fita nema, na rage ni kaɗai a zaure. Na kwance ƙunshin don in sake ƙirgawa, ko Allah zai sa su ƙaru. Ƙanshin daddawar nan ya buge ni. Nan take na ga Inna a gindin murhu tana kaɗa miyar kuka, na ga turken awakinta babu komai. Wallahi na yi kuka, kukan gaske, har da majina. Na zagi Kawu Ilu, na zagi Garba Dogo da rediyonsa, na zagi wanda ya ƙirƙiro sefa biyu. Sannan na share fuska na yanke shawara: gobe bayan Juma'a zan miƙa wa Na-Allah wuya, abin da ya rage in nemi hanyar komawa gida da shi. Kunyar shiga Babura hannu biyu ita ta fi komai ci mini rai.

Aka idar da salla na nufi rumfar ina jan ƙafa. Kafin in ƙarasa sai na ji ana faɗa. Wani tsoho ne dogo, ya rame, riga ta yi masa yawa, yana buga sanda a ƙasa yana cewa:

"Kai Na-Allah, ka ji tsoron Allah! Jikka jikka ce, don me za ka yanke mini wannan uban kuɗi? Ni gida za ni, can wannan takardar taku ba ta ciyuwa!"

Harshen ne ya fara tsayar da ni. Hausar mutanen Damagaram ce tsantsa, irin wadda nake ji kowace ranar kasuwa a tabarmar Kawu. Sai Na-Allah ya amsa masa da sanyin muryar nan tasa:

"Baba Mato, sefar yamma wuya gare ta a garin nan. Kafin in samo maka ita sai na sha yawo."

Na tsaya cak. Wuya gare ta? Mutumin da jiya ya ce mini tawa za ta yi wata a akwati ba mai so? Ashe jira yake in kawo tawa ya yi mini aski, ya juya ya miƙa wa tsohon nan ya yi masa nasa, bai tashi daga kan buzunsa ba! Ban san lokacin da na daka tsalle na faɗa tsakaninsu ba.

"Baba! Baba, sefar Nijar kuke nema?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ita. Kai kuma wane ne?"

"Ga ta nan a ƙuguna! Ni ta nan nake nema, gobe za ni Gabon!"

Tasbahar Na-Allah ta tsaya. Ya ce, "Kai yaro, a rumfata za ka yi mini ciniki?"

Na ce, "Ɗan'uwa, kasuwa ce!"

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya. Na kama hannun tsohon muka bar wurin, ina jin kamar in ɗauke shi in goya. Malam Buba ya ce a yi abin a zaurensa, shi ne shaida. A hanya bakina bai rufu ba, ina ta zuba: ni ɗan Babura ne, gidan mahauta, bayan kasuwa. Tsohon ya tsaya a tsakiyar taɓo. Ya ce ƙauyensu na gab da Magarya, yana saurayi da ƙafa yake kawo jakuna kasuwarmu. Ya tambaye ni wata tsamiya da ake ɗaure dabbobi a gindinta, na ce tana nan. Ya tambayi wani mai fura, na ce ya rasu ina yaro, ɗansa ne a wurin yanzu. Muka ci gaba da tafiya.

A zaure na kwance lalita, na warware tsumman Inna a kan tabarma. Tsohon ya kai hannu zai ɗauki takarda, sai ya tsaya. Ya ɗago ƙunshin gaba ɗaya da hannu biyu, ya kai hanci, ya ja numfashi mai tsawo.

"Daddawar kalwa," in ji shi. "Ta gida. Wa ya yi ta?"

"Innata, Baba."

"Allah ya yi mata albarka." Ya goge ido da bakin riga. "Rabona da wannan ƙanshin tun Turawa na mulki."

Ya zaro nasa daga wani tsohon gwangwanin madara. Takardun sun tsufa, sun yi laushi, wasu an liƙe su. Muka fara musaya yadda Malam Buba ya tsara: in ajiye jikka, ya ajiye jikka. Ni dai farin ciki ya cika ni, kowace takarda na karɓa sai in ji jirgin nan ya matso. Ga kuɗin jirgi ya cika. Ga na takardar shiga. Ga na nama ya fara taruwa. Ina ta washe baki ina cewa, "Allah mai iko! Ko kwabo ba a ci mana ba!"

Sai na ajiye takarda, ba a ajiye mini ba.

Na ɗago kai. Gwangwanin ya ƙare. Tsohon ya leƙa cikinsa, ya laluba aljihun rigarsa na dama, ya laluba na hagu, alhali ya san babu komai. Ni kuma ga saura takardu biyu a hannuna.

Malam Buba ya ce a hankali, "Shi ke nan abin da ke akwai, Baba Mato?"

Ya ce, "Shi ke nan."

Dariyar da ke bakina ta mutu. Sai a lokacin na gane abin da nake kallo. Mutumin nan, yadda ya gaya mini a hanya, ya zo Duwala da ƙuruciyarsa, ya yi dako a bakin jiragen ruwa har bayansa ya lanƙwashe, kuma duk abin da zai koma gida da shi bai kai abin da Inna ta ɗaura mini a ƙugu ranar da na fito ba.

Kamar ya ji abin da nake tunani. Ya ce, "Damina biyu na ce zan yi. Ban yi caca ba, ban sha giya ba, Malam Buba shaida ne. Kowace shekara sai in ce bari in ƙara kaɗan, kada in shiga gida da kunya. Ciwo ya ci wasu, gobara ta ci wasu. Yanzu ƙirjin nan ya ce mini in tashi, in ba haka ba a nan za a binne ni."

In ce ya riƙe sauran kyauta, na san ba zai karɓa ba, kuma zan ƙara masa ciwo. Sai Allah ya ba ni dabara. Na naɗe takardun biyu a tsumman na miƙa masa.

"Baba, tunda ta Babura za ku bi, ga saƙo. Ɗaya ku kai wa Inna, ku ce na isa bakin teku lafiya. Ɗayar kuma ta motar ɗan aike ce, haka ake yi a garinmu. Sannan don Allah ku tsaya tabarmar Kawu Ilu ɗan canji, ku gaya masa a gaban jama'a cewa sefa biyu ce a duniya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ka ji ɗan albarka, ya fara aike tun bai fara aiki ba. Zan kai. Kawun naka kuma sai ya gane kurensa."

Ya soke ƙunshin a aljihu, ya dogara sanda ya miƙe. Har ya kai bakin zaure sai ya tsaya. Ya sake fito da tsumman, ya warware, ya tsince curin daddawar nan ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ya kama hannuna, ya zuba mini su a tafi, ya rufe da nasa.

Na ce, "Haba Baba, ku tafi da ita mana, ai na ga kuna so."

Ya ce, "Ni gida za ni, ɗana, can zan ci ta a miya. Kai ne za ka buƙace ta. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan. Ranar da ka ga ta ƙare, ka fara ɗaure kayanka."

Washegari jirgi ya tashi da ni. Muna fita bakin kogi muka shiga teku sosai, fasinjoji na ta amai, ni kuwa ina gaba-gaba riƙe da ƙarfe, iska na dukan fuskata, ina ihu kamar mahaukaci. Gabon ta karɓe ni yadda Garba Dogo ya faɗa, har ma fiye. Tsirena ya yi suna a bakin tashar jiragen ruwa, na sayi rediyon, na sayi agogon.

Daddawar na zuba a gwangwani, sai ranar Juma'a nake gutsurar ɗan mitsitsi in jefa a miya. Na ja ta iya ja, har na koma sansana kawai nake yi in rufe. A damina ta huɗu na buɗe gwangwanin na tarar ko ƙanshin babu. A lokacin ciniki ya fi kowane lokaci kyau, abokai na ta cewa in ƙara shekara ɗaya tak. Ranar ban kunna wuta a tukuba ba. Na tafi bakin ruwa na tambayi ranar da jirgin Duwala zai tashi.